Fatar Akuyar da Ta Je Birmingham Ta Dawo

Tun da na dawo daga Ingila, duk wanda ya leƙo shagona a Ƙofar Wambai sai ya fara da tambayar sanyi, ya biyo da ta abinci, daga ƙarshe ya ɗaga kai ya ga fatar akuyar nan da ke rataye a ƙusa ya ce, "Habibu, ba ita ce ka ce tsarabar Baturenka ba?" Ita ce. Na gaji da cewa labarin da tsawo, shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne, domin ni ne mai laifi a cikinsa.

Waɗanda suka san ni sun san na yi shekara goma sha ɗaya a kudancin Italiya ina aiki a wata majema. A gidan da na kama haya akwai wani dattijo a ƙasan bene mai suna Rokko, yana busa wani abu da suke kira zamfonya. In kana son ka gane ta, ka ɗauko salkar ruwa, ka soka mata algaitu huɗu, ka hura ta ta cika, ka matse ta a hammata. Busar makiyaya ce. Fata ce ta haɗa mu. Ya gane na fi masu sayar masa sanin fatar da ba za ta yi yoyon iska ba, daga nan na zama mai zaɓar masa, shi kuma ya zama Baba Rokko. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya riƙa hawa bene da kwanon romo har na miƙe.

'Yarsa Kiyara tana zaune a Manchester, tana aiki da wata 'yar ƙungiya ta 'yan Italiya masu nuna wa mutanen waje al'adun ƙasarsu, zane-zane ne, waƙa ce, girki ne. Ita ta kira ni a waya. Ta ce sun shirya wa Baba wasa biyu, ɗaya a Manchester, ɗaya a Birmingham, kuma likita ya ce huhunsa ya gaji, daga wannan ba zai ƙara busa a gaban jama'a ba. Ta ce, "Turawan nan ba su san zamfonya ba, mutanenmu da ke nan kuma suna ganin ta ƙauyanci ce. Ina tsoron ya yi busar ƙarshe ga kujeru." Ni kuwa bakina bai san nauyi ba, na ce ta bar mini cika ɗaki, ina da 'yan uwa a garuruwan biyu, kuma Bahaushe ba ya barin baƙo shi kaɗai. Da wannan alkawari na hau hanya.

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza ba. Na je Abuja sau biyu, na amsa tambayoyin da ko surukina bai yi mini ba, na dawo na yi ta jira. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne tsaraba. Na sa aka feɗe mini akuya irin feɗewar salka, ba a tsaga cikinta ba, na jeme ta da hannuna. Na haɗa da kilishi ƙulli biyu na gidan da zan sauka.

A filin jirgin Manchester wata jami'a mai safar hannu ta buɗe jakata, ta zaro fatar ta ɗaga sama, ƙafafu huɗu suna reto. Ta ce mene ne wannan. Na ce kayan kiɗa ne. Ta dube ni, ta dubi fatar, ta kira abokin aikinta. Turancina na kasuwa ne, Italiyancin da na iya kuma ba shi da amfani a wurin, don haka sai na karɓe ta na matse a hammata, na kumbura kumatu ina kwatanta busa, ni da furfurata, a gaban layin mutane. Namijin ya yi dariya ya ce suna da irinta a arewacin ƙasarsu, ya ce in wuce da ita. Kilishin ne bai tsira ba. Na ga an jefa shi a kwandon shara, na kawar da kai.

Na sauka a gidan Dakta Nasiru, ɗan kawuna, a unguwar Levenshulme. Gidajen a manne suke da juna, sirara, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallah. Amma Nasiru ya shekara shida a layin bai san sunan mutumin da suke haɗa bango ba. Abin mamaki kuma, duk wanda zai sauka daga bas sai ya yi wa direba godiya. Na kasa gane mutanen da suke gode wa wanda ba za su sake gani ba, su wuce wanda suke gani kullum. Hausar Nasiru kanta ta zama gauraye. "Yaya, kada ka damu da taron nan, na sa a group, duk wanda ba shi da shift zai zo," in ji shi. 'Ya'yansa kuwa in suka yi mini magana sai in ce "na'am" sau uku, daga nan in yi murmushi in ce Allah ya yi albarka.

A gidan na tarar da surukarsa, Hajiya Yalwa, tsohuwa mai ƙarfin murya, ta zo daga Kano jegon 'yarta. Wata uku ke nan ba ta fita sai zuwa wurin likita. Ta ce mini tun da ta zo ba ta ga taron da ya wuce mutum biyar ba. Da ta ji za a je kallon busa, tun ranar Laraba ta fito da atamfarta ta sa a goge.

Na sami Baba Rokko a wani ƙaramin masauki kusa da Oxford Road, titin da bas ke bin bas kamar ba za su ƙare ba, ɗalibai kuma ko'ina. Ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rungume ni ya daɗe bai saki ba. Da na miƙa masa fatar sai ya kai ta hanci ya shaƙa, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ce, "Likita ya ce in daina. Likita bai taɓa ganin fata irin wannan ba. In na koma gida zan ɗaura ta, ko tumakin maƙwabci in riƙa busa wa."

Wasan farko ranar Asabar ne da ƙarfe uku na yamma, a wani ɗakin taro na unguwa. Kiyara ta shirya teburin abincin ƙasarsu a bakin ƙofa, na je na tarar da giya da yankakken naman alade a tsakiya, na sa ta mayar da su can kusurwa kafin ta kore mini baƙi tun ba su zauna ba. Aka bar burodi da cuku da zaitun da taliya. Turawa wajen talatin, tun uku saura kwata sun zauna sun naɗe hannu. Baba ya fara busa, kujerun baya fayau, ni ina ta leƙen ƙofa.

Uku da rabi mutanenmu suka fara shigowa, wasu sun ce sai da suka tsaya la'asar. Kun dai san mu. Babu mai iya wuce babba ya je ya zauna kamar bai gan shi ba. Sai aka shiga ina wuni, ya aiki, ya yara, ya sanyi, daga wannan layi zuwa wancan. Wani injiniya da kwat ɗinsa ya durƙusa a tsakiyar hanya yana gaida Hajiya Yalwa, ita kuma tana tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗanɗana zaitun ɗin da aka miƙo mata, ta ce da ƙarfi, "Wannan ɗinyar ai ta lalace." Wata Baturiya ta waiwayo ta ɗora yatsa a leɓe. Ɗaki ya cika kam, kamar yadda na yi alkawari, amma ni ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ina da dalilin wannan kunya, ko da yake yanzu na san dalilin banza ne. Sau ɗaya a zamana na Italiya maigidana na majema ya kai ni babban gidan waƙa na birni, inda na yi tari ɗaya mutum goma suka harare ni. Tun daga ranar na riƙe cewa haka Bature yake son a saurari kiɗansa, shiru kamar ana jana'iza.

Sai Baba ya shiga wata busa mai sauri, irin wadda ƙafa ke motsi da kanta. Ya kai wani wuri inda sautin ke hawa ya tsaya a sama, kawai Hajiya Yalwa ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Guɗa ta gaske, irin ta ranar kai amarya. Baba ya zare bakinsa daga busar. Salkar ta ci gaba da kuka ita kaɗai har iskar ta ƙare. Ya tsaya yana kallon tsohuwar, ya shafa fuskarsa, ya shige bayan labule. Ya yi kamar minti biyar kafin ya fito ya ƙarasa wasan. Bayan an tashi bai yi magana da kowa ba, Kiyara ta ce numfashinsa ya yi sama, ta sa shi a mota. Ni kuwa na gama yanke hukunci, mun wulaƙanta dattijon da ya yi jinyata.

Ban tambaye shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Na iya harshensa, na san ɗakinsa, amma kunya ta hana ni. Abin da na yi shi ne na ɗauki waya na aika wa Anti Rabi saƙon murya. Ƙanwar mahaifiyata ce ta wajen uba, ta daɗe a Birmingham, ita ke tara mini jama'ar can. Na ce mata don Allah a zo a kan lokaci, wanda ya makara ya haƙura, a bar gaisuwa sai an tashi, kada a zo da yara, kuma kada wata ta yi guɗa, don kada a sake ba mu kunya irin wadda aka ba mu a Manchester. Ta amsa da gajeren saƙo: "To Habibu, mun ji. Allah ya kai mu." Ni da aka haifa a cikin birnin Kano na ji wannan amsa na kwanta da kwanciyar hankali.

Kwana biyu bayan nan Nasiru ya tare ni a kicin yana shirin fita aiki. Ya ce, "Yaya, message ɗin nan naka fa ya zaga. Anti ta tura wa matan can don su san sharuɗɗa, wata ta turo shi nan Manchester. Hajiya ta ji." Na ce ai gaskiya na faɗa. Ya ɗauki mukullinsa ya fita. Daga ranar Hajiya Yalwa ta daina fitowa falo in ina nan, amma kullum da safe sai in tarar da kununa a rufe a kan tebur.

Asabar ta zagayo, muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ni da Baba da Kiyara. Tafiyar kamar daga Kano zuwa Zariya ce, sai dai ba rami ba shingen hanya. Kowa a jirgin ya sunkuyar da kai kan wayarsa, wani a gefenmu yana cin burodi a hankali kamar mai tsoron a ji. Baba kuwa ya manne da taga yana nuna mini tumaki a cikin korayen filaye, yana cewa waɗannan sun yi ƙiba don ba su taɓa hawa dutse ba. Yatsunsa suna ta motsi a kan gwiwarsa. Kiyara ta ce duk makon ya hana kansa hutu, yana ta gyaran wata busa. Ya juyo ya ce, "Mutanenka na can suna da yawa?" Na ce sun fi na Manchester, kuma na riga na yi musu magana. Ya daki cinyata ya ce madalla.

Unguwar Handsworth ta Birmingham ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Ga doya a bakin shago, ga ayaba, ga ƙamshin yaji, ga baƙaƙen fata da Indiyawa suna ta harkarsu, sai na ji kamar an sauke ni a Sabon Gari an ƙara mata sanyi. A nan ɗakin taron yake, an jera kujeru tamanin saboda maganata. Ƙarfe uku ya yi, mutum tara ne a zaune, Turawa da 'yan Italiya biyu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kowace bas da ta tsaya. Baba da kansa ya ce a jira, ya ce ya lura mutanena sai an fara suke zuwa. Aka jira har uku da rabi. Na kira Anti Rabi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Ya fito ya yi busarsa. Mutum taran nan sun zauna yadda nake so, babu tari, babu motsi, su tafa daidai lokacin da ya kamata. Yana busa yana kallon ƙofa. Da ya zo busar nan mai sauri, ya kai wurin da sautin ke hawa, sai ya riƙe shi a sama bai sauko ba. Ya ɗaga kai, ya ware ido a kan kujerun, yana matse salkar, fuskarsa tana yin ja. Babu wanda ya ce uffan. Daga nan ya sauko da sautin, ya ƙarasa a gaggauce, ya zauna yana haki.

Mutane na watsewa sai ga mota ta tsaya a ƙofa. Mijin Anti Rabi ne, Alhaji Musa, ya fara sauke manyan kuloli, waina ce da miyar taushe da zoɓo, abincin mutum sittin. Ya gaishe ni a mutunce, ya ce, "Antinka ta ce a gaida baƙo. Ta ce tun Alhamis ta jiƙa shinkafa, ba za a ce baƙo ya zo garinmu bai ci abincinmu ba. Ta ce mu dai ba mu iya shiga wuri babu gaisuwa ba, yaran kuma babu inda za mu bar su, gara kada mu ɓata muku taro. Shi abinci ba ya surutu."

Baba yana zaune yana kallonmu. Ya ce, "Me ya ce?" Aikina ke nan a tafiyar, fassara. Na fassara masa duka, na ɗora da abin da na aika wa Anti Rabi, kalma bayan kalma. Kiyara ta rufe baki da hannu.

Da Baba ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, don numfashin bai dawo ba. Ya ce a ƙauyensu ba a yi wa zamfonya shiru. A fili ake busa ta, mutane suna ci suna hira, yara suna gudu, in busa ta yi daɗi mata su amsa da kuwwa. Matarsa Mariya ita ce mai amsa masa, daidai wurin nan da sautin ke hawa. Tun da ta rasu aka fara sa shi a ɗakunan taro, ana kallonsa kamar kayan tarihi, babu wanda ya sake amsa masa sai tsohuwar nan ta Manchester. Ya ce kuka ya shiga yi a bayan labule, ya ji kunyar ya faɗa. Makon nan kuma da ya yi yana gyara, wuri ya buɗe a cikin busar don mata su sami inda za su shiga.

"Habibu," in ji shi, "shekara goma sha ɗaya kana samana ina ƙasanka. Ni ɗan makiyayi ne. Wa ya ce maka ina son shiru?"

Ya sa aka zuba masa waina biyu, ya ci a tsakiyar kujerun nan, ya ce a faɗa wa mai girkin ya gode. Sauran Kiyara ta rarraba wa ma'aikatan ɗakin da masu wucewa.

Washegari da hantsi jirginsu na Italiya ya tashi daga Birmingham, Kiyara ce za ta raka shi gida. A filin jirgi ya zaro fatar daga jakarsa ya miƙo mini. Na ce tasa ce, don shi na jeme ta. Ya ce, "Fata irin wannan tana son mai numfashi. Nawa na ƙarar jiya." Bai faɗa da fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Ya sumbace ni a kumatu biyu irin na mutanensu, ya bi 'yarsa.

Na biya ta gidan Anti Rabi na ba da haƙuri, ta ce ya wuce, ta cika mini ciki da tuwo, amma ba ta tambaye ni yadda taron ya kasance ba. Na koma Manchester na durƙusa a gaban Hajiya Yalwa, na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurara tana jijjiga jaririyar a kafaɗa. Ta ce, "Ni ban yi don in ba ka kunya ba, ɗan nan. Tsoho na gani yana busa shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba, babu mai amsa masa. Na san yadda abin yake. Da ka ce yana so, ai da na bi ku a jirgin."

Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarun da ke zo wa mutum bayan ya gama ɓarna. Na fito da waya na ce ta taimaka ta yi guɗar yanzu, in naɗa in tura masa Italiya. Ta dube ni kamar na ce ta yi rawa a masallaci. Ta ce, "Haka kawai, a cikin ɗaki, in kama hanci? Ba a yin ta sai an ji abin da ya taɓa rai. Ka ce masa ya busa, ko ta wayar ce, ni kuma in amsa."

Na tura wa Kiyara wannan saƙo tun kafin in bar Ingila. Amsarta ta same ni a nan shago, ina ƙarƙashin fatar nan da kuke tambaya. Ta ce ta faɗa masa, ya yi murna, ya sa aka sauko masa da zamfonyar daga bango. Ya hura, ya huta, ya sake hurawa, salkar ba ta cika ba.